Yadda Aka Hana Sammani Tafiya

Duk wanda ya san Sammani dillalin tumatir a 'yan shekarun nan, in aka ce masa mutumin nan ya taɓa zama siriri, sai ya nemi a kawo masa shaidu biyu. Amma kuwa gaskiya ce. A ƙauyen Tudun Gawo, tsakanin Kura da Bunkure, har yanzu akwai tsofaffin da ke tuna lokacin da yake ɗan dako, yana kwaso kwandunan tumatir daga tsakiyar gonaki zuwa bakin titi. Wuyansa kamar na zalɓe, ƙafafunsa kamar karan dawa. In ya ɗora kwando a ka ya kama bakin kanal ɗin ban ruwa, mai keke ba ya tarar da shi. An ce wata rana ya wuce wata akori-kura a hanyar Kadawa, har direban ya leƙo yana tambayarsa ko lafiya. Ba kowa ne ya ga wannan ba, amma shi Sammanin bai taɓa ƙaryatawa ba.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana dako. Da yake Allah ya ba shi baki, tun yana sauke kwando yana tsoma shi cikin cinikin mutane, har manoma suka fara cewa ya tsaya musu a gaban 'yan Kudu masu saye. Da haka ya samu benci a ƙarƙashin wata rumfa a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, ya zauna. Zaman da ya yi ke nan na shekara goma sha bakwai. Da ya sayi babur kuwa, ƙafarsa da ƙasar garin nan suka yi sallama. Masallacin ƙofar gidansa, wanda in ka yi atishawa a zaure liman zai ji ka, shi ma da an bar shi da babur zai riƙa zuwa. Da safe shayi mai kauri da ƙwai, da hantsi gurasa da tsire, da rana shinkafar Kura da man ja, la'asar fura. Tumbi ya fito ya yi gaba, har ya zama in zai shiga ɗaki tumbin kan riga shi yin sallama, a gama gaisawa kafin shi ya iso. Saboda tumbin aka fara ce masa Alhaji, alhali iyakarsa Zariya.

Abu ɗaya ne Sammani ba ya wasa da shi. Yayansa Muhammadu Sani ya faɗi a gona wata rana, ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi shekara huɗu a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. Sammani ne yake zuwa safe da yamma ya juya shi, ya wanke shi, ya canza masa shimfiɗa. Ya ga yadda ƙaton mutum yake komawa abin ɗagawa da ajiyewa, idonsa biyu, yana jin komai, ba ya iya korar ƙuda daga bakinsa. Tun daga nan mutuwa ta daina ba Sammani tsoro. Kwanciyar ce take firgita shi. In ana hira aka kawo maganar shanyewar jiki, sai ya tuna yana da uzuri a wani wuri.

To, da ƙeyarsa ta fara ciwo, yana tashi tsaye yana ganin rumfa tana juyawa, bai gaya wa kowa ba, har matarsa Kubra. Sai wata Asabar ya hau babur ya nufi ƙaramin asibitin garin don a ba shi abin da zai haɗiya. Ya tarar an kafa rumfa a harabar, ga wata doguwar mota, ga samari da 'yan mata sun kai ashirin cikin korayen riguna iri ɗaya. Ɗalibai ne daga wata jami'a a cikin birni, 'yan sashen gashin ƙashi, sun haɗa ƙungiya suna zagaya asibitocin ƙauye suna koya wa mutane cewa motsa jiki ma magani ne. Shugabarsu wata 'yar siririya ce mai tabarau, sunanta Nafisat, tana shekarar ƙarshe.

Ita ta auna shi. Abin ɗaurawa na farko bai zagaye damtsensa ba, sai da aka je mota aka ɗauko babba. Ta duba, ta sake aunawa, ta sake dubawa.

"Baba, ka san jininka ya hau sosai?"

"Yarinya, injin naku ne ya tsorata da ni. Ki ba shi ruwa ya sha."

Ba ta yi dariya ba. Ta kira ma'aikacin asibitin ya gani, shi ma ya ɓata fuska ya rubuta ƙwayoyi. Sannan ta jawo wata takarda ta fara tambayoyi.

"Kana motsa jiki?"

"Sosai. Ba na wuni ban ɗaga hannu sau ɗari ba. Ciniki ai da hannu ake yin sa."

"A gidanku akwai wanda jikinsa ya taɓa shanyewa?"

Sammani ya dubi takalminsa. Can ya ce, "Yayana."

Ta yi rubutu a wata 'yar takarda ta miƙa masa. Ta ce tafiya zai riƙa yi a ƙafa, minti talatin, kwana biyar a mako, da ɗan sauri, har ya ji numfashinsa ya tashi amma yana iya magana.

"Zuwa ina?"

"Ba ko'ina ba, Baba. Ka je ka dawo."

"In je ina in dawo?"

"Duk inda ka ga dama."

"Ba aike, ba dubiya, ba jana'iza?"

"Babu."

"To 'yar nan, taimaka ki mayar da ita allura. Ko guda goma ce zan tsaya."

Nafisat ta cire tabarau ta dube shi. Ta ce, "Baba, ƙwaya za ta yi nata aikin. Amma in ba ka tashi daga zaman nan ba, ina jin tsoron abin da ya sami yayanka. Ba na so in ɓoye maka."

Ba wanda ya taɓa faɗa masa wannan maganar a fili. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, bai ƙara yin barkwanci ba.

Asabar ta gaba ɗaliban suka tara dattawa goma sha biyu a filin firamare don su nuna musu yadda ake yi. Wani saurayi ya tsaya a gaba yana cewa hannu sama, hannu ƙasa, a juya kwankwaso. Garin duk ya fito kallo, har masu shayi suka bar tukwanensu. Sammani ya daure. Yana cikin sunkuyo, hularsa ta faɗi, bayansa yana sama, sai ga surukarsa, mahaifiyar Kubra, ta ɓullo ta gefen filin da ƙwaryar niƙa a ka. Tsohuwar da shekara ashirin da biyar bai yarda sun haɗa ido ba, ita ce ya hango ta tsakanin ƙafafunsa. Ta yi salati ta juya da niƙanta. Shi kuma ya yi bayan aji a guje, gudun da rabonsa da irinsa tun yana dako. Daga ranar filin firamare bai ƙara ganinsa ba, sauran dattawan ma kowa ya ce gwiwa ta hana shi.

Amma bai fasa ba. Ranar Litinin da safe ya bar babur a zaure ya kama titi shi kaɗai. Bai yi taku arba'in ba sai ga Mudassiru ɗan acaɓa ya ci burki a gabansa.

"Subhanallahi, Alhaji! Ina babur ɗin? Hau mu je."

"Tafi abinka, tafiya nake yi."

"Ai na gani, shi ya sa na tsaya. Ina raye kana tafiya a ƙasa? Me za a ce da ni?"

Da ƙyar ya rabu da shi, Mudassiru ya tafi yana waiwaye, ransa a ɓace. Na biyu da ya tsaya masa da babur ƙanin liman ne, ya girme shi, ba a yi masa musu. Ya tambaye shi ina ya nufa. Sammani ya ji kunyar cewa ba ko'ina, sai ya ce Bunkure. Mutumin nan ya ɗauke shi har Bunkure ya sauke shi a bakin tasha, ya yi masa addu'a ya tafi. A can ma wani ya gan shi tsaye ya ji tausayinsa. A taƙaice dai, ranar farko ta motsa jiki Sammani ya hau babur huɗu, kuma azahar ta same shi a Madobi yana cin waina a gidan sunan mutanen da bai sani ba.

Kafin mako ya ƙare labari ya zagaye garin. Wasu suka ce an ƙwace babur ɗin. Da aka gan shi a zaure, sai aka ce to kan ne ya taɓu. Wata maƙwabciya ta shigo wurin Kubra da fuskar jaje, ta ba ta sunan wani malami a Kumbotso da ya iya irin wannan lalurar.

Kubra ta ce, "Baban Muhsina, don Allah ka bar abin nan. Ni ake tambaya."

"Ki ce musu magani nake sha."

"Na faɗa. Sai suka ce maganin me ake sha da ƙafa?"

Sai ya tuno wata hanya da ya sani tun yana dako, 'yar siririya a kan gaɓar ƙaramin kanal da ya ratsa gonakin gabas, inda babur ba ya iya bi. In an idar da sallar asuba gari ya yi haske, sai ya zame ta bayan masallaci ya kama ta. Makon farko ya sha wuya. Numfashinsa har kwaɗi yake kora, gumi yana zuba kamar shi ma an ba shi aikin ban ruwa. Yakan tsaya ya dafa gwiwa yana tambayar kansa wa ya aike shi. Sai fuskar Muhammadu Sani ta zo masa, ya miƙe ya ci gaba.

A mako na uku abin ya fara yi masa daɗi. Ƙamshin ganyen tumatir da raɓa ta jiƙa, sanyin ruwa, balbelu suna bin bayan masu huɗa, duk abubuwan da ya manta suna nan inda ya bar su. Ƙeyar ta lafa. Ya ƙara ɗaure mazagin wandonsa da kusan taƙi guda, ya kira Kubra ta zo ta gani da idonta. Duk Asabar yakan riga kowa zuwa asibiti, Nafisat ta auna shi ta ce, "Baba, ya sauka! Wallahi ya sauka!" Har hotonsa suka ɗauka, wai za su nuna wa malamansu. Cikin duk waɗanda aka rubuta wa tafiya a Tudun Gawo, shi kaɗai ne yake yi.

Manoman gabas kuwa suna kallonsa ta wutsiyar ido. Sun saba ganin mutum a bakin kanal da fartanya, ko da tiyo, ko da tankin feshi a baya. Dillali hannu rabbana, kullum yana wucewa yana kallon gonakin mutane daidai lokacin da tumatir ya fara ja, wannan ba su san inda za su ajiye shi ba. Suna amsa gaisuwarsa, in ya wuce su bi shi da kallo.

Akwai kuma abin da Sammani bai sani ba. Da rani ruwan kanal rabo ake yi, yau na 'yan sama, gobe na 'yan ƙasa. Lokacin da yake dako, kowace mashigar ruwa tana da ƙofar ƙarfe da kwaɗo, makulli yana hannun ma'aikaci. Ƙofofin nan a wannan reshen sun daɗe da ruɓewa. Yanzu in ba ranarka ba ce, sai ka toshe mashigarka da tsohon buhu cike da ƙasa, ka danna ciyawa da laka a kai. Duk mai gona ya san toshi in ya gan shi, kuma taɓa toshin wani daidai yake da zura masa hannu a aljihu. Sammani ya san farashin kwando a Legas da Fatakwal kafin gari ya waye, amma wannan ya wuce shi yana kan benci.

Ranar wata Alhamis a mako na shida, yana tafe jikinsa sakayau, sai ya ga ruwa yana cin karo da wani tarin ciyawa da yagaggen buhu a bakin wata mashiga. Ya tsaya ya girgiza kai. Ya ce a ransa, dubi ƙazantar mutanen yanzu, a bar shara ta toshe wa bawan Allah ruwa. Da can ko sunkuyawa da ƙyar yake yi, amma yau yana jin ƙarfi. Ya naɗe wando ya shiga ruwan har gwiwa, ya cire ciyawar, ya ja buhun ya wurgar a gefe. Ruwa ya kwarara cikin gona yana wani irin kuka mai daɗin ji. Sammani ya wanke hannu ya koma gida cike da jin ya yi sadaka, ya hau babur ya tafi kasuwa.

Gonar ta Iliyasu ce, shugaban ƙungiyar masu ban ruwa na reshen. Tumatirinsa ya nuna, jibi za a tsinka, da gangan ya yanke masa ruwa. Shi kuma ranar ya tafi Kura sayen kwanduna. Ruwa ya wuni yana shiga. Kafin ya dawo gonar ta zama tafki, tumatir yana kwance cikin laka yana fashewa. 'Yan ƙasa kuma, waɗanda ranarsu ce, sun wuni suna jira da dashen albasarsu ba su ga ko ɗigo ba. Wani mai feshi ya ce shi dai ya ga Alhaji Sammani tsamo-tsamo a cikin kanal da sassafe.

Washegari bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Sammani bai yi musu ba. Ya ce shi ya cire, ya zaci shara ce.

Iliyasu ya miƙe. "Shara? Ranka ya daɗe, yaron da aka yaye jiya ya san toshi. Mutumin nan sati shida yana zagaya mana gonaki. Dillali ne. In tumatir ya jiƙe dole a sayar da shi a wulaƙance, kuma ta hannun wa? Wannan ba ta buƙatar karatu."

"Wallahi Malam Iliyasu ban san gonarka ba ce."

"Da ta wa ka so ta zama?"

Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Sammani, tare muka tashi. Tsakaninka da Allah, kullum da sassafe ina kake zuwa?"

"Ranka ya daɗe, ba ko'ina."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Wani daga baya ya ce, "Kun ji ko!"

"Magani ne, ranka ya daɗe. Likitoci ne suka rubuta min." Ya zaro takardar, ta yi laushi saboda gumi. Aka ba wani malamin firamare ya karanta ya fassara.

Iliyasu ya ce, "To mun ji, takarda ta ce ka yi tafiya. A ina ta ce ka shiga ruwa?"

Wani tsoho ɗan ƙasa, wanda albasarsa ta kwanta, ya ce, "In tafiya magani ce, ni da tun ina yaro nake yin ta me ya sa ba inda ba ya min ciwo?"

Aka yi dariya, amma ba irin wadda Sammani ya saba jawowa ba. Ya ce a yi masa alfarma zuwa gobe Asabar. Yaran jami'a za su zo, shugabarsu za ta yi bayani da bakinta, har injin za ta kawo a ga yadda jininsa ya sauka. Mai unguwa ya yarda. Iliyasu ya ce shi ba ya neman komai a hannun Sammani, ya bar shi da Allah. Abu ɗaya yake so: in yaran ba su wanke shi ba, kada ƙafarsa ta ƙara taka bakin kanal.

Asabar tun ƙarfe bakwai Sammani yana kan dakalin asibiti cikin sabuwar riga. Duk motar da ta taso ƙura sai ya miƙe. Hantsi ya yi, rana ta take. Da aka kira azahar ma'aikacin asibitin ya fito ya ce yana jin fa yaran sun fara jarrabawa. Ya nemo masa lambar Nafisat. Sai a kira na huɗu ta ɗauka.

"Baba Sammani! Ina yini? Ya tafiya?"

Ya kwashe labarin duka ya gaya mata. Ta yi ta salati. Sannan ta ce jarrabawar ƙarshe suka fara, motar da makaranta take ba su aro kuma an karɓe. Daga jarrabawa ita ta gama ke nan, za ta koma garinsu. Ƙungiyar za ta zaɓi sababbin shugabanni in an dawo hutu, su za su ce ga ƙauyen da za a je.

"Ko ke kaɗai ce, 'yar nan. Minti goma. Ki faɗa musu da bakinki."

"Wallahi Baba kwanakin nan duk ina da jarrabawa. Zan yi ƙoƙari in an gama. Ko in yi wa mai unguwar magana ta waya?"

Aka gwada hakan da yamma. Mai unguwa ya saurara da ladabi, yana cewa to, to, madalla. Da aka kashe, Iliyasu ya ce shi bai ga kowa ba, murya ya ji, kuma murya kowa yana da ita. Hukunci ya tabbata. Nafisat ta sake kiran Sammani sau biyu a watan, tana cewa kada ya daina, ko tsakar gida ce ya riƙa zagayawa. Daga baya layinta ya daina shiga.

Ya gwada tsakar gidan. Amma Kubra sana'arta turara shinkafa, tun safe ake baza shanya daga bakin ɗaki har bakin rijiya, ba inda za ka sa ƙafa. Matan maƙwabta kuma suna shiga suna fita da kwanukan awo, kuma magidanci ba ya zagaye a tsakiyar matan mutane yana haki. Ya koma zaure. Taku shida ne daga bango zuwa bango, in an cire wurin babur huɗu. Ya yi kwana uku yana kai da kawowa kamar akuyar da aka ɗaure, jiri yana ɗibarsa, masu wucewa suna leƙe suna ƙara tabbatar da abin da suke zargi. A rana ta huɗu ya tura babur ɗin waje ya hau.

Manoman gabas suka janye kayansu daga hannunsa, sai zaman ya ƙaru, aikin ya ragu. Mai gurasa dai bai yi fushi da shi ba. Ƙwayoyin in sun ƙare wani lokaci ya sayo, wani lokaci ya manta, tunda ba wanda zai auna shi ranar Asabar ya yi masa murna. Ya sassauta mazagi bai kira kowa ya gani ba. In ya bi ta kan gada a babur yakan rage gudu ya dubi 'yar hanyar nan ta bakin kanal, sannan ya murɗa ya wuce. Ƙeyar ta dawo da ciwonta. Ya san me take nufi, ya kuma san ba shi da inda zai kai ta. Da aka dawo hutu an ce korayen riguna sun ɓulla a wani ƙauye can wajen Rano.

Ranin da ya biyo baya, da hantsi, kasuwa ta cika, yana tsaye a kan kwandunan wani manomi yana ja-in-ja da wani mai saye daga Fatakwal. Ya ɗaga hannun dama zai ce albarka, sai hannun ya faɗo da kansa. Bakinsa ya karkace. Mai sayen ya zaci fushi ne, har ya fara ƙara tayi. Sammani ya zame a hankali ya zauna cikin kwandon tumatir.

Kwana goma sha tara ya yi a babban asibiti a birni. Aka dawo da shi a kwance a bayan mota, ɓarin dama ba ya motsi, harshe ya yi nauyi. Idonsa biyu, yana jin komai. Garin duk ya zo dubiya. Iliyasu ma ya zo, ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce ya yafe duniya da lahira, in Allah ya ba shi lafiya ya bi duk inda yake so. Sammani ya dube shi kawai.

A mako na biyu Saliha ta zo daga Kura. Taubashiyarsa ce, 'yar ƙanwar babansa, shekara arba'in ke nan ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun yi wa juna tas ba, ko a gidan makoki ne. Ta shigo da kwanon kunu, ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Kai, malalacin banza! Da ma abin da kake nema ke nan, a riƙa ba ka a baki. Tashi ka ba ni wuri, uwar ɗakinka ta zo."

Idon Sammani ya ɗan yi haske. Leɓensa ya motsa.

"Faɗi mana. Ka ce min mai haƙoran gatari, kamar kullum. Ina jin ka."

Ya yi ƙoƙari. Jijiyar wuyansa ta tashi, hannun hagu ya damƙi zanin gado. Wani sauti ya fito wanda ba kalma ba ne, miyau ya biyo ta gefen bakin.

"Ban ji ba. Ƙara dai. Yau ka ga na fi ƙarfinka ko?"

Ya sake gwadawa, sannan ya bari. Ya juya idonsa ga bango.

Saliha ta tsaya da sauran maganar a bakinta. Ta ajiye kwanon, ta kama gefen mayafinta ta goge masa baki, ta gyara masa matashi. Ta ce kunun ya yi zafi da yawa, bari ya ɗan huce. Ta fita tsakar gida ta tarar da Kubra tana juya shanya, ta karɓi abin juyawar daga hannunta, ta sunkuya ta fara daga bakin rijiya.